Fila geji da sifanar tafet, bayan wata shida ina aiki da su

Jama'a ga bayanin kayan saita bawul ɗin injin mashin da na saya, wato fila geji mai ganye 32 (siraran ƙarafan da ake zurawa a auna 'yar tazarar da ke kan bawul) da 'yar sifanar tafet (tafet shi ne sukuru da notin da ake saita wannan tazarar da su), tare suka zo a leda ɗaya. Wata shida kenan, sau uku na buɗe kan injina da su, sau ɗaya kuma na wani abokina.

Abin da ya sa na saya, mashin ɗina ne ya dinga wahalar tashi da safe, sai na yi kik ya fi goma, in ya ɗau zafi kuma ya mutu a silo. Na canza fulogi, an wanke kafireto, duk a banza. Ashe a wani sabis da aka min ne wanda ya yi aikin ya saita bawul da kunne kawai, ya ɗaure tafet har ƙarar kas-kas ɗin nan ta ɗauke gaba ɗaya, ya ce ai yanzu inji ya zauna. Ranar da na zura gejin wallahi ko ganyen da ya fi kowanne siranta, na 0.04, ƙin shiga ya yi a bawul ɗin salansa. Abin ya ɓata min rai sosai, don bawul in ya matse haka ba ya rufewa ruf idan ƙarfe ya ɗau zafi ya miƙe, kamfireshan na zurarewa, kuma shi bawul ɗin salansa ta hanyar zama daram a mazauninsa yake sauke zafinsa, in bai zauna ba sai bakinsa ya ƙone. Wanda ya saki da yawa zai dame ka da ƙara ka je ka duba, amma wanda ya matse shiru yake yi yana ɓarna.

To gejin kansa. Ganyayyakin daga 0.04 suke har 0.88 na milimita, kuma ƙarfen na da kyau, in ka zura za ka ji ɗan jan nan da ake so, ba ya wucewa fuu kuma ba sai ka tura da ƙarfi ba. Sai dai asalin awonsa na inci ne, shi ya sa za ka ga an rubuta 0.051 da 0.076 maimakon 0.05 da 0.08, wannan bambancin ba komai ba ne. Inda za a kula shi ne lambobi biyu ne a jikin kowane ganye, 0.002 na inci shi ne 0.05 na milimita, don Allah a duba littafin mashin a ga da wanne aka rubuta. Nawa littafin 0.05 ya ce duka biyun, na shan mai da na salansa, amma wasu injinan na salansa ya fi faɗi, kar ka ari lambar wani.

Abin da ban ji daɗinsa ba, rubutun fenti ne kawai ba a sassaƙa shi ba, na 0.051 har ya fara gogewa saboda baƙin mai. Sannan ganyen a miƙe yake, ramin tafet kuma ƙarami ne, dole na kwance notin gejin na ciro ganyen shi kaɗai na ɗan lanƙwasa bakinsa kafin ya shiga daidai. Siraran kuma saurin tsatsa gare su, sai kana shafa musu mai kana adanawa.

Sifanar tafet ɗin kuwa ita na fi yabawa. A baya da filaya nake riƙe kan sukurun tafet ɗin, da zarar na ɗaure noti sai sukurun ya bi shi ya juya, awon ya tafi, in sake kwancewa in sake ɗaurewa har hannu ya gaji, amma wannan tana kama kan sukurun mai kusurwa huɗu cak, kana riƙe da shi kana ɗaure notin. Duk da haka ina sake zura geji bayan ɗaurewa, don wani lokacin yakan ɗan motsa.

Kayan ba za su yi maka amfani ba in inji da zafi, ni da safe nake yi bayan mashin ya kwana. Ka cire fulogi, ka juya maganeto har alamar T ta zo kan saiti, sai ka girgiza roka biyun, wato ƙarafan da ke danna bawul, da yatsa, in dukansu suna ɗan motsi to fistin na sama a kamfireshan, in sun ƙame ka ƙara juyawa zagaye ɗaya cikakke. Nan mutane da yawa ke kuskure su auna a inda bai dace ba.

Masu manyan mashina da ake sa wa shim, wato ɗan faifan ƙarfen da ake saita bawul da shi maimakon sukuru da noti, gejin zai auna muku amma sifanar ba ta da aiki a wajenku. Masu tafet na sukuru da noti kuwa ina ba da shawara a saya, in da hali a nemi gejin da bakinsa ya zo a lanƙwashe kuma rubutunsa sassaƙaƙƙe. Nawa mashin yanzu kik ɗaya ko biyu yake tashi, silo ya tsaya, akwai 'yar ƙarar tafet kaɗan da safe kuma haka na bar ta.