Minti 15 a gaban hassadar da Giotto ya zana

Duk mai niyyar ganin ɗakin ibadar Scrovegni a birnin Padua na Italiya, ya sayi tikitinsa ta intanet tun da wuri, domin rukuni-rukuni ake shiga, kowa da lokacinsa. Kafin a buɗe ƙofa sai an zaunar da ku kamar minti 15 a wani ɗaki ana nuna muku bidiyo, injuna suna daidaita danshin iska. Na yaba da wannan tsari ƙwarai, don zanen bangon da Giotto, shahararren mai zane ɗan Italiya, ya kammala wajen shekarar 1305 ba zai jure numfashin cincirindon jama'a ba.

Da shigarmu kowa ya ɗaga kai yana kallon shuɗin rufi mai taurari. Ni kuwa ƙasan bango ne ya riƙe ni. Siffofi 14 ne masu launin toka, sai ka rantse sassaƙen dutse ne: kyawawan halaye 7 a bango guda, munana 7 suna fuskantar su.

Hassada ce ta cinye mini rabin lokacina. Tsohuwa ce mai fankama-fankaman kunnuwa, maciji ya fito daga bakinta ya juyo yana saran fuskarta daidai ido. Ta damƙe jakar kuɗi gam, ɗaya hannun a miƙe yana neman na wani, ga wuta tana ci a ƙafafunta. Tun muna yara ake karanta mana cewa hassada tana cin kyawawan ayyuka kamar yadda wuta ke cin itace, amma ganin ta tsaye cikin harshen wutar sai da tsikar jikina ta tashi. A daura da ita Jinƙai ce, ta taka jakunkunan kuɗi tana miƙa zuciyarta sama. Ka tuna kuwa Enrico Scrovegni da ya gina wurin ɗan wani shahararren mai ba da bashi da ruwa ne.

Zalunci ma ya isa kallo: basarake zaune a ƙofar ganuwa mai tsagewa, itatuwa sun tsiro sun tare gabansa, a ƙarƙashinsa ana fashi da kisa. Ƙarƙashin Adalci kuwa rawa ake yi, mahaya suna wucewa lafiya.

Shawarata, ka nazarci hotunan siffofin kafin ka je, domin sunayensu da Latin aka rubuta, kuma minti 15 ɗin da ake ba ku cikin ɗakin ibadar kamar ƙiftawar ido ne. Tikitin ya haɗa da gidan tarihi na Eremitani da ke maƙwabtaka, sai ka ware masa lokaci.