Lazarillo da Guzmán: Yadda Suka Kalli Mabaratan Sifaniya

Malam, ka tambaya ko littattafan Sifaniyan nan biyu, Lazarillo de Tormes da Guzmán de Alfarache, ido ɗaya suke kallon mabarata da 'yan gararamba, tunda duka labarin yaro ne da yunwa ta koya wa wayo. Gaskiya akwai tazara.

Lazarillo de Tormes ya fito a 1554, babu sunan marubuci, kuma ɗan siriri ne. Uwa ta miƙa ɗanta ga wani makaho a Salamanka ya zama ɗan jagora. Darasin farko, makahon ya gwara masa kai da gunkin bijimi na dutse a bakin gada. Sai wani fada a Maqueda mai kulle burodi a akwati, yaron na gutsura a ɓoye, ana ɗora wa ɓeraye. Wanda ya fi taɓa ni shi ne ubangidansa na Toledo: ga takobi, ga alkyabba, ciki fayau, yana sakace a bakin ƙofa kamar ya ci nama, alhali yaron ne ke bara ya ciyar da shi. Masu babbar riga da malaman coci littafin ke yi wa shaguɓe, shi ya sa kotun coci ta haramta shi a 1559, sai 1573 ya dawo an datse masa sassa.

Guzmán de Alfarache na Mateo Alemán kuwa ƙato ne, kashi na farko a 1599, na biyu a 1604. A nan bara sana'a ce. A birnin Rum Guzmán ya koyi dokokin ƙungiyar mabarata da yadda ake haɗa gyambon ƙarya. Wani kadina, wato babban malamin coci, ya tausaya ya ɗauke shi, bai hana shi komawa caca da sata ba. Labarin ma daga jirgin ruwan fursunoni yake ba da shi, yana tuba yana wa'azi. Laifin a wuyansa aka rataya.

Dalilin wannan tazara? Wata dokar Sifaniya ta 1540 ta ce kowa ya yi bara a garinsu da takardar izini, malamin coci Domingo de Soto ya rubuta suka a kanta a 1545. Alemán kuma abokin likita Pérez de Herrera ne, wanda a 1598 ya rubuta a tace talakan gaske daga na bogi.

Ka fara da Lazarillo, zama ɗaya ya ishe ka. Wa'azin Guzmán sai mai haƙuri, ni kaina tsallake wasu shafukan na yi.