SDDM a kan Debian da Ubuntu: ya fi saura kyau, amma ba kowace kwamfuta zai karɓa ba

Allon da ke tambayar suna da kalmar sirri idan an kunna Linux manhaja ce mai zaman kanta da ake kira display manager, wato manajan allon shiga, daban da teburin aiki irin su GNOME ko Xfce, kuma ana iya cire ta a sa wata. Uku aka fi sani. Akwai GDM na GNOME. Akwai LightDM, wanda Ubuntu ta riƙe daga 2011 har 2017 kafin ta koma GDM, Linux Mint da Xubuntu kuwa har yau suna kansa. Sai SDDM, wanda KDE ta ɗauka a zamanin teburin aikinta na Plasma 5 bayan ta ajiye KDM. Na yi aiki da SDDM a kan Debian 12 da Ubuntu 24.04, tare da Plasma da kuma Xfce, kuma abin da na gani shi ne: wajen canja kamannin allo babu kamarsa, amma idan ba Plasma ke kan kwamfutar ba, sai an yi masa hidima kafin ya zauna daram.

Sa shi ba wuya. A taminal:

sudo apt install --no-install-recommends sddm sddm-theme-maldives

Kafin ka amsa da Y, karanta jerin abin da apt zai sauko da shi. Jigo shi ne kamannin da allon ke sawa. Jigon Breeze, wato sddm-theme-breeze, ya dogara da plasma-workspace, don haka mai Xfce ko LXQt da ya nemi shi zai ga an jawo masa kusan rabin KDE, datarsa ta tafi a banza. Maldives, Elarun da Maya ba su da wannan nauyin. Ana cikin sakawa wani allo zai fito yana tambayar wanne manajan allon shiga za a mayar na dindindin. Wanda ya wuce wurin da gaggawa sai ya dawo da shi da sudo dpkg-reconfigure sddm, zaɓin kuma yana rubuce a /etc/X11/default-display-manager. A Fedora da Arch hanyar daban ce: systemctl disable gdm tukuna, sannan systemctl enable sddm. Idan aka tsallake na farkon, systemd zai ƙi, ya ce display-manager.service na nan tuni, domin manaja ɗaya kawai ke iya riƙe wannan sunan.

Kada a buga systemctl restart sddm daga cikin teburin aiki alhali akwai aikin da ba a adana ba. Nan take zai rufe komai.

Inda SDDM ya burge ni shi ne jigo. Kowane jigo folda ce a /usr/share/sddm/themes, a cikinta akwai Main.qml da theme.conf da hotuna. Ana iya ganin yadda zai kasance ba tare da an fita daga aiki ba:

sddm-greeter --test-mode --theme /usr/share/sddm/themes/maldives

Taga ce za ta buɗe da allon shigar a ciki, kuskuren da ke akwai kuma ya bayyana a taminal. Wannan kaɗai ya isa dalilin yabo, don a GDM kamannin allon a ɗaure suke cikin fayil na gresource, sai an kwance shi an gyara an sake ɗaurewa, sabuntawa ta gaba kuma ta share gyaran. A SDDM, don canja hoton baya, ba a taɓa theme.conf. Ana ƙirƙirar theme.conf.user kusa da shi, a sa [General] a layin farko, background= da hanyar hoton a na biyu. Sabuntawa ba ta taɓa wannan fayil.

Hoton kansa akwai sharaɗi, kuma nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Allon shiga yana gudana ne da sunan wani mai amfani na musamman, sddm, ba da sunanka ba. Ubuntu tun 21.04 tana rufe foldar gida da izinin 750, Debian 12 kuma da 700, saboda haka sddm ba ya iya karanta hoton da ke cikin /home. Sakamakon shi ne baƙin allo ko fari fat, babu ko saƙon kuskure. A kwafe hoton zuwa /usr/share/backgrounds, a ba shi chmod 644, shi ke nan. Haka ma ƙaramin hoton fuska: mafi sauƙi a ajiye shi a /usr/share/sddm/faces da sunan mai amfani, a ƙara .face.icon a ƙarshe.

Saitunan kuwa tsarinsu na da ɗan ruɗani. Sau da yawa ba za ka tarar da /etc/sddm.conf ba sam. Umarnin sddm --example-config zai zubo dukkan abin da ake iya saitawa. Manhajar tana fara karanta na /usr/lib/sddm/sddm.conf.d, sai na /etc/sddm.conf.d bi da bi bisa jerin haruffa, sai /etc/sddm.conf a ƙarshe, kuma na ƙarshe ke rinjaye. Plasma na rubuta nata a kde_settings.conf. To idan ka sa wa naka suna 10-nawa.conf, na KDE zai danne shi, ka yi ta gyara ba ka ga canji ba. Suna irin zz-nawa.conf ya warware wannan. A ciki, Current=maldives ƙarƙashin [Theme] ke zaɓen jigo, Numlock=on ƙarƙashin [General] ke kunna lambobi. Idan wani ƙaton kibod na kan allo ya rufe wurin rubuta kalmar sirri, a sa InputMethod= ƙarƙashin [General] a bar gabansa fayau.

Babban abin da na ƙi shi ne rikicin Qt5 da Qt6, wato tsoho da sabon zubin Qt, kayan aikin da aka gina SDDM da jigoginsa a kai. Debian 12 na ɗauke da SDDM 0.19, Ubuntu 24.04 na da 0.20, duk biyun na Qt5 ne. Sai daga 0.21 aka samu sddm-greeter-qt6. Jigogin da ake wallafawa yanzu a store.kde.org da GitHub da yawansu na Qt6 ne, kuma ba kullum marubutan ke faɗa ba. A buɗe metadata.desktop na jigon: idan akwai QtVersion=6, ba zai tashi a kan waɗancan biyun ba. Ko na Qt5 ne ma, yakan nemi qml-module-qtgraphicaleffects da qml-module-qtquick-controls2, idan babu su SDDM ya koma wani allo nasa mara ado, da jan rubutu yana faɗin abin da ya rasa. Kuma a tuna cewa jigo ba hoto ba ne kawai, shiri ne da kalmar sirrinka ke bi ta cikinsa. Wanda ba a san marubucinsa ba, a karanta Main.qml ɗinsa ko a bar shi.

Kibod ma na da nasa. Allon shiga ba ya bin tsarin kibod da ka zaɓa a cikin teburin aiki, na tsarin gaba ɗaya yake bi, wanda ke /etc/default/keyboard. Mai kwamfutar AZERTY a Zinder ko Maradi zai iya rubuta kalmar sirri daidai a ƙi shi, saboda allon na ɗaukar A a matsayin Q. Wanda ya sa ƙ ko ɗ a kalmar sirrinsa kuwa zai rasa ta inda zai buga su. Gyaran shi ne sudo dpkg-reconfigure keyboard-configuration, ko a rubuta XKBLAYOUT da hannu. Ni dai shawarata kalmar shiga ta tsaya kan haruffan da kowane kibod ke da su.

Idan allon ya ƙi fitowa, ko yana karɓar kalmar sirri ya sake dawo da kai, danna Ctrl+Alt+F3 ka shiga ta rubutu. journalctl -b -u sddm zai nuna inda aka tsaya. Abu biyu ake fara dubawa: df -h, ko faifan ya cika, da ls -l ~/.Xauthority, ko root ya mallake fayil ɗin bayan an buɗe wata manhaja mai taga da sudo.

Shiga kai tsaye ba tare da kalmar sirri ba layi biyu ne, User= da Session= ƙarƙashin [Autologin], amma ma'ajiyar sirrin KDE, wato KWallet, ko ta GNOME ba za ta buɗe da kanta ba, don babu kalmar da aka miƙa mata, sai ta tambaye ka daga baya.

Mai GNOME kada ya canja GDM ko da kyan SDDM ya ja shi, domin kulle allo na GNOME da GDM yake aiki, ana cire shi kullewar ta daina. Tsohuwar kwamfuta mai Xfce ko MATE kuma LightDM ya fi dacewa da ita, tare da lightdm-gtk-greeter-settings, wanda ke canja hoto da rubutu da dannawa kawai ba tare da an jawo Qt ba.