Injin Briggs Intek mai cc 500 a fagen tseren motar yankan ciyawa: araha a saye, tsada a sake masa linzami

A Amurka da Ingila akwai masu cire wuƙaƙen motar yankan ciyawa su shiga tsere da ita. A Ingila an kafa ƙungiyar wasan a 1973 a ƙauyen Wisborough Green, kuma ƙa'idarsu tun asali ba ta yarda a taɓa cikin inji ba. Ƙungiyar Amurka, USLMRA, wadda aka kafa a 1992, ta yarda da gyare-gyare aji-aji, kuma a can ne injin Briggs & Stratton mai silinda ɗaya, wato Intek jerin 31, ya samu kasuwa. Dalili ba ɓoyayye ba ne: yana kan dubban tsofaffin motocin ciyawa da aka jingine, kayan gyaransa kuma ba su yanke ba ko bayan da kamfanin ya karye aka sayar da shi a 2020.

Yadda ya fito daga masana'anta, injin kirki ne. Faɗin silindarsa wajen milimita 90.6 ne, tafiyar fistin milimita 77.8, bawul a sama, silindar kuma da rigar ƙarfe a ciki. Ana rubuta masa ƙarfin doki 17.5 ko kusa da haka, gwamna kuma, wato na'urar da ke ƙayyade saurin inji, na riƙe shi tsakanin juyi 3,300 da 3,600 a minti. Doguwar tafiyar fistin ɗin ce ke ba shi ƙarfin ja tun daga ƙasa, abin da ake nema wajen fita daga kwana a ɗan gajeren fili. Wanda zai shiga ajin da ake barin gwamna a jiki, kusan babu abin da zai saya: ya daidaita bawul, ya wanke kafireto, ya zuba baƙin mai kimanin lita 1.4, ya sa fulogi RC12YC da tazarar milimita 0.76, ya tafi.

Daidaita bawul ɗin yana da sharaɗi da mutane ke tsallakewa. Ba a auna shi fistin na tsaye cak a ƙololuwa. Sai an bari ya gangaro kimanin milimita 6, inji a sanyaye. Na shigar mai milimita 0.08 zuwa 0.13, na fitar hayaƙi 0.13 zuwa 0.18. Idan tazarar ta yi yawa, ɗan harshen da ke jikin kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) mai rage matsi lokacin tayarwa ba ya aiki, sai kik ya riƙa juyawa yana cijewa, mai shi ya je ya sayi sabon batir a banza. Shi kansa harshen yakan karye ya faɗa cikin mai, kuma wannan tsohon ciwon injin ne ko a wurin yankan ciyawa.

Rigimar tana farawa ne ranar da aka cire gwamna. Abu na farko, a wannan injin giyar gwamna ita ce kuma mai watsa baƙin mai. Duk wanda ya zare ta ɗungurum ya bar kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, ba mai, cikin mintuna injin zai buga. Ƙananan nauyayen da ke jikinta ake cirewa, a mayar da mai watsawar, a toshe ramin hannun gwamna da noti da gam, sannan a ja wayar totur kai tsaye zuwa kafireto tare da sifirin mai dawo da shi da kansa. Kada matatar mai da ke gefen wasu nau'o'in ta ruɗi mutum. A da dama cikinsu famfon yana zagaya mai ta matatar ne kawai, kwanrod da watsi ya dogara.

Sai fulawil, wato faifai mai nauyi da ke kan karanshaf. Na asali narkakken ƙarfe ne da aka zuba a mazubi, an yi shi don juyi 3,600, ba don 5,000 ko 6,000 ba. In ya tarwatse, gutsattsarinsa na fita ne daidai inda ƙafafun direba suke. Shi ya sa ƙungiyoyin tsere ke neman fulawil da aka sassaƙa daga dunƙulen alminiyam a ajin da ba gwamna, irin wanda kamfanin ARC Racing ke yi. Kuɗinsa kan fi abin da aka biya wa tsohon injin gaba ɗaya, amma wannan ba wurin ciniki ba ne. Kafin ɗaurawa, a goga bakinsa da kan karanshaf da man goge bawul har su zauna daram, a wanke tas, a ɗaure da kimanin Nm 135 zuwa 150 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗaure noti ne). Riƙon yana ga wannan haɗuwar, ba ga ɗan makullin alminiyam ba. Makullin in ya yanke, lokacin wuta ya goce, injin ya riƙa harbi ta baya. Tazarar kwayil milimita 0.25 zuwa 0.36, masu tsere kuma kan kai wutar wajen digiri 28 zuwa 32 kafin ƙololuwa.

Babban raunin wannan injin, wanda ya bambanta shi da masu silinda biyu, shi ne dunƙulen ƙarfen da ke hana shi girgiza. Yana hawa kan karanshaf, wani ɗan hannu na riƙe da shi a jikin bulo. A juyin yankan ciyawa aikinsa yana kyau. Da an haura, nauyin da yake fizga yana ninkuwa da sauri, domin ninka juyi sau biyu na nufin ninka fizgar sau huɗu. Hannun ya karye, dunƙulen ya fasa bulo ya fito. Mafita biyu ce: a sa hannu mai ƙwari, ko a cire tsarin baki ɗaya a kai karanshaf wurin masu daidaita nauyi tare da fistin da sabon kwanrod. Ta biyun ta fi ɗorewa, sai dai injin zai ƙara girgiza a ƙaramin juyi, notuna kuma su riƙa kwancewa in ba a sa musu gam ba. Kwanrod ɗin asali, wanda ke juyawa kan karanshaf ba metal (shimfiɗar rage gogayya) a tsakani, shi ma ya bi sahun waɗanda za a ajiye.

Bayan waɗannan uku ne ake maganar ƙarin ƙarfi, kuma a nan injin yana biyan mai shi. Sifirin bawul na asali yakan saki ɗan sama da juyi 4,000, don haka sabon kamshaf ba ya tafiya sai da sifirin masu tauri. Ana aske fuskar tof silinda kamar milimita 0.75 zuwa 1 don ƙara matsi, a ɗora ɗan yumɓu kan fistin a juya da hannu a ga ko bawul zai taɓa. Gasket ɗin tof ɗin yana da siririn wuri tsakanin silinda da ramin sandunan tura bawul, kuma nan yake ƙonewa: alamarsa hayaƙi da shan baƙin mai. A ɗaure notunan a gicciye, kashi-kashi, zuwa kimanin Nm 25. A lura sandar tura bawul ta shigar mai ta alminiyam ce, ta hayaƙi kuma ƙarfe. Kada a musanya su.

Salansa ta asali tana shaƙe shi. Buɗaɗɗen bututu mai faɗin kusan inci ɗaya ya wadatar, da maƙali a jikin firam don kada nauyinsa ya tsage bakin. Da iska ta ƙaru, kafireton Nikki da ya zo da shi yakan yi ƙarancin mai, sai a ƙara girman jet, wato ramin da fetur ke bi a kafireto, mataki ɗaya, a yi zagaye, a duba fulogi. Fari fat yana nufin yunwar mai da zafin da ke sa mazaunin sandar bawul zamewa. Ruwan ƙasa ake so. Murfin fanka kuwa a bar shi a wurinsa, shi ke kora iska kan silinda.

Ga mai ajin gwamna, da wuya a sami injin da ya fi wannan arha da sauƙin sha'ani. Ga mai son sakin linzami, ya fara lissafa fulawil, kwanrod da aikin karanshaf kafin ya taɓa kafireto. Idan jimillar ta kusa kuɗin mai silinda biyu kuma ajinsa ya yarda da shi, gara ya koma can.