Gargaɗi ga masu sayen gida a Ingila: kada ku biya kuɗin gyaran gidan da bai zama naku ba

Akwai wasu da suka fara yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan uwa mazauna Ingila, suna cewa duk wanda banki ya riƙe wa wani kaso na rancen gida saboda gyara ya same su, za su warware masa matsalar cikin mako guda. Ku yi hattara da su.

Riƙon kuɗin shi kansa ba zamba ba ce. Idan ka nemi rancen gida, banki kan aika safiyonsa ya duba gidan. In ya tarar da danshi a bango, ko rufi na yoyo, ko tsohon wayarin, sai banki ya amince da rancen amma ya ce zai ajiye wani kaso har sai an yi gyaran. Tsofaffin gidajen jan bulo masu manne da juna da suka cika unguwannin Manchesta da Bamingham, waɗanda yawanci su ne aljihunmu ke iya kaiwa, su suka fi faɗawa wannan. Misali gida na fam 200,000, banki ya yarda da 180,000 amma ya riƙe 8,000. Ranar karɓar mukulli kai za ka cike wannan giɓin daga aljihunka, ka kuma biya magina, sannan safiyo ya dawo ya duba kafin a sako kuɗin. Mutumin da ya riga ya kwashe duk abin da ya tara wajen kafin alƙalami, ina zai samo? A wannan ƙuncin suke kama mutane.

Ga yadda suke zuwa. Mutum zai kira ka da Hausa ko da Turancin gida, yana cewa, “Alhaji, kada ka damu, muna da mutanenmu. Ka kawo rabin kuɗin a hannu, za mu yi aikin kafin a sa hannu, mu ba ka takardar garanti, banki ba shi da ta cewa.” Wani lokaci har da haɗin bakin mai gidan. Abin da ba za su gaya maka ba shi ne, a Ingila da Wales ciniki bai ƙullu ba sai lauyoyin ɓangarorin biyu sun yi musayar takardun yarjejeniya. Kafin wannan rana mai gida yana da damar fasawa, ko ya sayar wa wanda ya ƙara masa farashi, kuma da wuya ka ga sisi daga abin da ka kashe. Ka shayar da saniyar wani, ya kai ta kasuwa. Wannan ma in an yi aikin ke nan. Sau da yawa fenti kawai ake shafawa a kan danshin, a jingina kabad a wurin, sai sanyin hunturu ya shigo bangon ya fara baƙi yana wari, filasta na ɓarewa a hannunka.

Wanda ya fi muni shi ne na takardar bogi. Suna buga rasit da garanti da sunan kamfanin da babu shi, su ce ka miƙa wa banki. Sunanka ne a kan takardar neman rancen, don haka kai ne ka yi wa banki ƙarya. Dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗauri har na shekara 10. Ko ba a kai kotu ba, banki na iya sa sunanka a kundin Cifas, wato kundin da bankuna ke rubuta sunayen waɗanda aka samu da zamba, tabon kuma yana iya kaiwa shekara 6, wanda a cikinsu ko asusun ajiya sai ka sha wuya kafin a buɗe maka. Mai zama da biza ya fi kowa sanin abin da irin wannan zai jawo masa. Shi kuwa dillalin, lambar da ya ba ka ta daina shiga.

Hanyar gaskiya ba ta da wani sirri. Ka ɗauki takardar bankin ka kai wa lauyanka, ka nemo ƙiyasin kuɗin gyaran a rubuce daga magina biyu ko uku, ka koma wa mai gida da su: ko ya rage farashi, ko ya yi gyaran da kuɗinsa kafin musayar takardu. In ya ƙi, ka bar masa gidansa. Asarar kuɗin safiyo da na lauya ta fi sauƙi. Kada kuma ka yarda a yi musayar alhali ba ka san inda cikon kuɗin zai fito ba, domin daga nan in ka kasa kammalawa, kafin alƙalaminka, wanda galibi kashi 10 cikin 100 ne na kuɗin gidan, shi zai tafi.

Duk mai kiran kansa dillalin rancen gida, ka nemi sunansa ko na kamfaninsa a rajistar hukumar FCA, mai sa ido kan harkokin kuɗi a Burtaniya, a intanet, kyauta ne. Ka kira lambar da ke kan rajistar, ba wadda ya turo maka ba. In ya fara cewa ai mu 'yan gida ɗaya ne, me ya kawo bincike tsakaninmu, ka kashe wayar.