Jarrabawar Kwamfuta da ta Takarda

Tun 2015 JAMB, hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu a Najeriya, ta koma kwamfuta kacokan. Yanzu tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40-40 na sauran darussa uku. Sakamako kan fito cikin 'yan kwanaki, kuma leƙen amsa ya ragu tunda ana cakuɗa tambayoyin. Cikas ɗinta wuta da sadarwa: janareta ya mutu ko layin cibiya ya katse, ɗalibai su wuni suna jira. Wanda bai saba da linzamin kwamfuta (mouse) ba, ya haddace maɓallan A zuwa D don amsa, N gaba, P baya.

Ta takarda biro da fensir sun wadatar, kuma ta fi auna insha'i da lissafi mai nuna hanya. Sai dai tambayoyi kan zurare kafin ranar, maki kuma sai an jira makonni.