Ajin koyon bugun zanen karce a wajajen Zoo Road: ra'ayina

Masu tambayata ko ajin nan na ranar Asabar ya ci kuɗinsa, e ya ci, amma akwai ƙorafi. Ɗan shago ne ciki da baranda, malami ɗaya da yaronsa, injin bugawa ɗaya tal.

Shi wannan bugun zanen karce, wanda ake kira dirayifoyin, babu ruwansa da asid ko wani sinadari, allura ce mai tsini za ka riƙe kamar biro ka dinga kartar faranti da ita har zanen ya fito. Asalinsa a kan jan ƙarfe ake yi, haka su Rembrandt na ƙasar Holan suka yi tun a shekarun 1600, amma mu 'yan koyo roba mai garai-garai ya ba mu, ka ɗora ta kan hoton da kake so kana gani kana bi. Wani ma da cikin kwalin madara ya gwada, ɓarin nan mai sheƙi, kuma ya fito.

Abin da ya sa na ce malamin ya san aikinsa, kafin mu fara sai da ya sa kowa ya shafa yatsa a kan layin da ya karta. Za ka ji ɗan kaushi a gefen layin, robar ce ta tashi kamar yadda garma ke tura ƙasa gefe, to wannan kaushin shi ke riƙe tawada ya ba layin laushi da duhu. In ka danna allurar sosai ya yi yawa, in ka bi a hankali layin ya fito siriri. Kuma kaushin ba ya daɗewa, duk shigar farantin cikin inji sai ya ƙara kwanciya, shi ya sa bugun farko-farko ya fi na baya kyau, musamman a roba.

Wajen gogewa ne ya fi ɓata lokaci da mu kuma wallahi nan aikin yake. Za a lafta wa farantin tawada mai kauri a cusa ta cikin kowane layi da ɗan kwali, sannan a dunƙule ƙyalle mai raga-raga a dinga zagayawa a hankali ba a dannawa. Kullum maganarsa ɗaya ce, "Malama sassauta hannu, ba wanke-wanke kike ba." Ka goge da yawa zanen ya fito fayau, ka bar ta da yawa ya zama dabbare-dabbare. Ni na buga ƙofar Gidan Makama, na bar 'yar tawada a sama da gangan sai ta fito kamar hazo, na ji daɗinsa sosai.

Ku sani komai a juye yake fitowa, dama ta koma hagu. Wata baiwar Allah ta rubuta sunan 'yarta tiryan-tiryan, da aka ɗaga takarda sai dariya, alhali malamin ya faɗa tun da safe.

Ƙorafina kuwa, mutane sun yi wa injin yawa. Takardar sai an jiƙa ta an tsane ruwan kafin a buga, to a hunturun Kano kana tsaye a layi ta bushe ƙayau, sai ka sake jiƙawa. Takarda mai kaurin ma kaɗan ake bayarwa, in ta ƙare sai dai ka saya a wurinsu da tsada. Bargon da ake shimfiɗawa a kan injin ya tsufa, yana barin tabo a gefe. Sannan babu safar hannu, kananzir da Omo kawai aka ajiye a bakin famfo, ku tafi da taku da tsofaffin kaya.

Ba sai ka iya zane ba tunda kana iya bin hoto. Amma ku tambayi mutum nawa ne a ajin kafin ku tura kuɗi, in sun yi yawa ku jira wani satin.